Sawun Dutsen Guga

Ko da Mai Sawu ya iso ƙofar makarantar, yara sun riga sun watse. Ya makara, don matarsa ta aike shi kantin magani na can nesa, wai maganin hawan jinin da ake sayarwa a na kusa ba ya karɓar ta. Ya leƙa bencin da jikarsa take zama kullum da jaka a cinya, ya ga wayam.

"Malama, ina amaryata?" ya tambayi wadda ke rufe ƙofa.

Sabuwa ce, bai taɓa ganin ta ba. Ta yi murmushi. "Wadda ake ce wa Likita? Ai babanta ya zo ya ɗauke ta tun ɗazu."

Ledar maganin ta suɓuce daga hannunsa.

Shekarar Likita shida, kuma rabonta da ubanta tun tana tatata. Uwarta, wadda kowa ke kira Nas saboda aikin asibiti, ta fita daga gidan mutumin ne da haƙarƙari a karye, kotu kuma ta hana shi kusantar su. Da ya ci gaba da yi musu sintiri a ƙofa, sai Mai Sawu ya sayar da gidansa na gado, ya kwashi matarsa da 'yarsa da jikarsa suka koma wani gari, suka kama haya a wani bene inda babu wanda ya san asalinsu. Rayuwarsa duka a gandun daji ya yi ta yana bin sawun masu farautar sata, ya san yadda ake ɓatar da sawu. Ya ɗauka ya ɓatar da nasu.

"Wa ya ce ki ba shi ita?"

"Baba, da kati ya zo! Wallahi da kati ya zo."

Ta ruga ofis ta dawo da shi. Katin ɗaukar yara ne, da sunan yarinyar da hatimin makaranta. Amma rawaya ne, na bara. Na bana shuɗi ne, yana nan cikin aljihun Mai Sawu.

Ya juya katin a hannu. Ya yi ƙarfi kamar busasshen ganye, hatimin ya yi dishi-dishi, kuma da ya kai shi hanci sai ya ji warin bilic, ruwan nan na wanke fararen kaya. A bayansa akwai ɗigo-ɗigon tsatsa a jere, da wani siririn layi kamar an ja allura.

Ya kira 'yan sanda, sannan ya kira 'yarsa. Kiran na biyu ya fi masa wuya.

*

Labari ya riga shi isa gida. A gindin bene ya tarar da maƙwabta sun yi wa mai shara zobe, wani ya riƙe masa wuyan riga, leɓensa na zubar da jini.

"Shi ne! Kullum hannunsa cikin sharar mutane!"

"Na taɓa ganin sa yana karanta ambulan ɗina!"

Mai shara yana ta rantsuwa, babu mai saurare. Wata 'yar sanda mai muƙamin sajan tana ƙoƙarin kutsawa. Nas kuwa tana zaune a kan matakala da fararen kayan aikinta, ba ta kuka, sai dai ta ƙura wa ƙofar waje ido kamar za ta huda ta.

"Ku sake shi," in ji Mai Sawu. Bai ɗaga murya ba, amma aka saki. Ya tsuguna gaban 'yarsa ya nuna mata katin. "Mamana, dube ni. Ina kika sa wannan?"

"A buhu, Baba. Ni da hannuna. Da shi da tsofaffin takardun kotu."

Kowa a benen ya san buhun. Akwai kamfanin da ke yayyanka takardun sirri da na'ura, amma kuɗin buhu guda yake karɓa ko da takarda ɗaya ka kai. Shi ya sa masu haya suka haɗa kai: buhu ɗaya a sito na ƙarƙashin matakala, kowa ya zuba takardun banki da na asibiti da duk abin da ba ya so a gani, in ya cika a yi karo-karo, mai kula da gida ya kai. Mabuɗi biyu ne, ɗaya wurin mai kula da gidan, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gida, ɗaya wurin Anti Tela mai shago a ƙasa.

"To ka gani," in ji mai shara yana goge baki. "Ni ko ƙofar siton ban taɓa taɓawa ba. Abin da kuka zubar nake kwashewa, ba abin da kuka kulle ba."

Sajan ta ce an baza hoton mutumin, amma wayarsa a kashe take, kuma garin da faɗi. "In mun san wanda ya ba shi katin, mun san inda za mu nufa. In ba haka ba, lalube kawai muke yi."

Inna, matar Mai Sawu, ta sauko da kofin ruwa ta miƙa wa 'yarta. Nas ba ta ko kalle shi ba. Tsohuwar ta tsaya riƙe da kofin tana jan carbi da ɗaya hannun.

*

Sarkin Gida ya buɗe siton yana ta surutu. An kai buhu shekaranjiya, in ji shi, ga sabo nan an rataye. Kamfani sun karɓa, sun yanka a gabansa, har shayi suka ba shi.

Mai Sawu kuwa ƙasa yake kallo. Cikakken buhun takarda nauyi ne da shi, ba a ɗaukarsa, jan sa ake yi. Ga sawun jan nan a kan siminti, ya share ƙura ya bar hanya. Amma da ya fito daga sito bai yi hagu wajen ƙofar titi ba. Dama ya yi, ya bi lungun da ke zuwa bayan gida.

"A bayan gida kamfanin yake?"

Mai Sawu bai jira amsa ba, ya bi sawun.

A bayan gida, kusa da igiyoyin shanya, akwai wani duro an rufe shi da kwano. Mai Sawu ya ɗaga kwanon. Wari ya buge su. Takardun mutanen bene ne gaba ɗaya suke jiƙe cikin ruwan bilic, na ƙasa sun narke sun zama kunu, na sama kuwa har yanzu ana iya karanta su. Wani maƙwabci ya hango sunan matarsa a kan takardar asibiti, ya yi salati.

"Wallahi ba cuta ba ce," in ji Sarkin Gida, gumi na tsatso masa. "Kamfanin sun ƙara kuɗi, na ji kunyar sake zagaya ku. Aka ce min in an jiƙa su suka narke, ɗaya ne da yankawa. Tun bara haka nake yi, ba a taɓa samun matsala ba."

"Kuɗinmu fa?" wani ya daka masa tsawa.

"Ku bar zancen kuɗi!" Mai Sawu ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Jikata nake nema. Kai, ka tsamo wani abu daga nan ka ba wani?"

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban tsamo ba. Ni ko sanin yarinyar tana da uba a raye ban yi ba."

Wannan maganar ta tsaya wa Mai Sawu a rai. Gaskiya ce: duk benen an ɗauka Nas mijinta ya rasu. Ya duba ƙasa kewaye da duron, amma wurin shanya ne, kowace mace a gidan ta taka shi, sawu kan sawu. Babu abin karantawa.

Sajan ta riga ta kama hannun Sarkin Gida. Mai Sawu ya sake fito da katin ya kalle shi a hasken rana. Katin da aka tsamo daga ruwa, in ya bushe da kansa, nannaɗewa yake yi. Wannan a miƙe yake sumul, har yana ɗan sheƙi.

"Goge shi aka yi," ya ce. "Da dutsen guga. Kana da dutsen guga?"

Sarkin Gida ya kalli yamutsattsiyar rigarsa. Ko cikin wannan hali sai da wani ya yi dariya.

*

Anti Tela ta ji ana zancen guga, kafin a zo gare ta ta ɗora hannu a ka.

"Yau na ga ta kaina! Don ina da mabuɗi da dutsen guga shi ke nan na zama ɓarauniyar yara? Yarinyar da nake ɗinka wa 'yartsana kaya kyauta?"

"Ba wanda ya ce ke ce. Ara min dutsen."

Ya jiƙa wani guntun kwali, ya shimfiɗa a teburinta, ya danna. Kwalin ya fito fes, ba tsatsa, ba layi. Ya sake gwadawa da ƙaramin da take buɗe ɗinki da shi. Haka.

"Wani baƙo bai zo yana tambayar mu ba?"

"Baƙo dai ban gani ba. Ni dai abin da na sani, ko ni aka raba da ɗana, sai na nemo shi ko a ina yake. Amma ban ce komai ba."

"Wa ya ce miki an raba wani da ɗansa?"

Ta kawar da kai, ta hau gyara zaren keke. "Mata in sun zauna suna hira. Ban riƙe wa ya faɗa ba."

Rana ta fara karkata. Mai Sawu ya fito daga shagon. A daji, in rana ta faɗi sawu ya mutu, sai gobe. A nan kuwa gobe tana nufin yarinyar ta yi nisan da ba zai iya kamowa ba. Ya tuna ba ta cin abinci in ba a yanka mata ƙanana ba, ya tuna tana tsoron mutum mai ɗaga murya.

"Sajan," ya ce, "a tara kowa. Duk mai dutsen guga ya sauko da shi."

*

Aka taru a farfajiyar ƙasa. Aka jera duwatsun guga a kan teburin Anti Tela, manya da ƙanana, kowa na tsaye bayan nasa yana harare-harare. Mai shara yana gefe da ƙanƙara a leɓe, Sarkin Gida na zaune a ƙasa. Mai Sawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kifa kowanne, yana shafa gindinsa da yatsa, yana gwadawa a kan jiƙaƙƙen kwali. Wani ya bar tsatsa amma ba layi. Wani ya ƙona kwalin. Ya kai na ƙarshe, babu wanda ya dace.

Sai a lokacin Nas ta fashe. Ta taso ta cafke hannun rigarsa da hannu biyu.

"Baba, ka bar wasa da kwali! Ka nemo min 'yata! Ka ce min ba zai taɓa gano mu ba, kai ka ce!"

Ya sunkuyar da kai don ba zai iya haɗa ido da ita ba. Idonsa ya sauka a kan yatsunta, da farin yadin da suka damƙe. A bakin hannun rigar tasa, ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jere. Ga siririn layi kamar an ja allura.

Ya daɗe yana kallo. Dutse ɗaya ne ba a sauko da shi ba, don babu wanda ya yi tunanin a tambayi gidan da aka yi wa sata. Kuma mutum ɗaya ce take masa guga tun aurensu.

Ya so ya sallami mutane, ya ja matarsa ɗaki, ya rufa mata asiri. Amma ga rana tana faɗuwa, ga kuma bawan Allah da aka fasa wa baki a banza.

"Innar yara," ya ce a hankali, "ina dutsen gugarmu?"

Kofin ruwan yana hannunta har yanzu.

"Yana sama."

"Kantin magani na kusa, yaushe maganinsa ya daina karɓar ki?"

Sai ta zauna a kan matakala kamar an zare mata ƙashi.

"Cewa ya yi kafin la'asar zai dawo da ita," ta ce. "Ya rantse min. Takalmi kawai zai saya mata, ya gan ta, ya dawo da ita."

Nas ta saki rigar ubanta.

"Inna?" in ji Nas. Muryar ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Ta wurin ƙanwata ya sami lambata. Wata da watanni yana kira yana kuka, ya ce ya tuba, ya ce ko muryarta bai sani ba. Namiji da gemunsa yana kuka! Ni ma ban san ubana ba, na san yadda abin yake ci. Na ce masa kati yana wurin kakanta, ya ce ko tsoho ne a gwada. Ina shanya na ga abin da Sarkin Gida yake yi da duro, na sa hannu na lalubo." Ta dubi 'yarta. "Na ce in ya gan ta sau ɗaya hankalinsa zai kwanta, ya ƙyale mu, mu ma mu koma gida cikin mutanenmu. Tun azahar nake kiran sa, a kashe."

"Tun azahar kin sani, kina kallo ana dukan wannan?" in ji Nas, tana nuna mai shara.

Mai Sawu ya shiga tsakaninsu. Zuciyarsa na tafasa, amma ya tsuguna gaban matarsa kamar yadda yake yi gaban sawun da ya kusa gogewa.

"Wannan duk sai anjima. Me ya tambaye ki? Komai ƙanƙantarsa."

"Lambar takalminta. Da abin da take so ta ci." Ta share hanci da gefen mayafi. "Da kuma wai ko tana amai a mota. Na ce tana yi in tafiya ta yi nisa. Ya ce wane magani ake ba ta."

"Mai zuwa kantin takalmi ba ya neman maganin amai," in ji Sajan.

"Wurin yayarsa zai kai ta," in ji Nas. "Can ƙetaren iyaka. Tasha ɗaya ce motocin can suke tashi, kuma da yamma suke tashi."

*

Tashar cike take maƙil. Suka rarrabu. Mai Sawu ya bi masu sayar da tikiti yana tambayar mutum da yarinya mai kayan makaranta, kowa ya girgiza kai. Sai can ya gane wautarsa: wanda ya sayi takalmi ai zai sayi riga. Yara kuwa ga su nan birjik, kowace da babba riƙe da hannunta.

Ya tsaya gaban wani mai shayi yana haki. Mutumin yana ta tari a kan tukunyarsa.

"Ɗan'uwa, ba ka ga wata yarinya ba, 'yar siririya, mai shegen surutu, mai son duba lafiyar mutane?"

Mai shayin ya kwashe da dariya har tarin ya sarƙe shi. "Wadda ta ce in je asibiti a duba min ƙirji, wai mamanta za ta yi min allura ba zafi? Babanta ya finciko ta kamar zai cire mata hannu. Waccan doguwar farar motar suka shiga, ga ta can tana fita."

Motar ta riga ta kai ƙofa. Mai Sawu bai san yana da sauran gudu a jikinsa ba. Ya ture mai dako, ya tsallake buhu, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ya sha gaban motar ya buɗe hannuwa. Direba ya taka birki yana zagi, ƙarfen gaba ya tsaya dab da ƙirjinsa.

Sajan ta shiga ta fito da mutumin. Ya rame, ya yi furfura, yana ihu cewa 'yarsa ce, jininsa ce, babu kotun da za ta canza wannan. Da ya ga Nas sai ihun ya koma zagi, irin wanda duk tashar ta ji ta san dalilin da aka gudu.

Likita tana kujerar baya, cikin sabuwar riga mai yi mata yawa, maganin aman ya sa idonta ya yi nauyi. A damtsenta akwai shatin yatsu. Ta ga kakanta, ta taɓe baki.

"Ango, ka makara," ta ce. "Na ce masa kai nake jira, ya yi min tsawa."

Ya ɗauke ta.

*

Da suka dawo, mai shara yana nan zaune a gindin bene, ya ƙi tafiya sai ya ga yarinyar. Mai Sawu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Maƙwabtan da suka dake shi suka sulale ɗaya-ɗaya. Wasu kuma suna bayan gida da sanduna, suna dama abin da ke cikin duro don ya ƙarasa narkewa.

Nas ta wuce uwarta a falo ba ta kalle ta ba. Ta shiga ɗaki da 'yarta, aka ji ƙarar mabuɗi. Tun da suka tare a gidan ba a taɓa kulle wannan ƙofar ba.

Inna ta shiga kicin ta fito da faranti, ta yanka komai ƙanana. Ta zo bakin ƙofar ta ɗaga hannu, ta kasa ƙwanƙwasawa. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, farantin a cinya.

Mai Sawu yana tsaye yana kallon ta. Yana da maganganu da yawa, kowace ta fi 'yar'uwarta ɗaci, kuma ya san zai faɗe su, in ba yau ba gobe. Ya ga yadda furfurarta ta leƙo ta gefen ɗankwali, ya ga abincin yana hucewa.

Ya sunkuya ya karɓi farantin daga hannunta, ya ƙwanƙwasa.

"Mamana, ni ne. Yarinyar ba ta ci komai ba."

Sannan mabuɗi ya juya, ƙofar ta buɗe daidai faɗin faranti. Hannun Nas ya fito ya karɓa.

"Wa ya yanka mata?" ta tambaya daga ciki.

"Kin san wa ya yanka."

Hannun ya tsaya cak, har Mai Sawu ya ɗauka za a dawo masa da shi. Can ciki Likita ta ce yunwa take ji. Farantin ya shige, ƙofar ta rufe, mabuɗi ya sake juyawa.